Wayata Ba Ta Karanta Hoto

Zuwa ga Yaya Mudi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da mutanen Yako baki ɗaya. Ya ƙafar Inna? An fara girbin masara?

Ni lafiyata ƙalau a nan Kudu, karatun ne dai da ɗan wuya. Ka san tun da na makance wayata ce ke karanta mini rubutu da murya. To malaman jami'armu hoton takardun darasi suke ɗauka su turo. Wayar kuwa in ta iso wurin sai ta ce “hoto”, ta yi shiru. Ranar jarrabawar kwamfuta ma haka na zauna har aka tashi, don ba a sa wa kwamfutar murya ba. Na kai kuka ofis, aka ce in yi haƙuri in sake baɗi. Kada Inna ta damu, ina cin abinci.

Na ji Anti Nusaiba ta sauka lafiya, Allah ya raya. Amma Yaya, kai ma hoto ka turo mini. Don Allah ka ɗauko mini kukan yaron in ji, ka faɗa mini da wa ya yi kama.

Ƙaninka,
Uzairu