Hutun Ma Gyi a Gonar Inabi

Nyaungshwe, Talata

Maung Lay, ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Wutyi da yaran, da mahaifiyarta Daw Pu. Na iso lafiya. Kada ka wahalar da yatsanka da kirana, wayata tana nan Mandalay cikin aljihun teburin uwarmu Amay, a kashe. Ba mantuwa na yi ba. Shekara goma sha ɗaya tana yi mini ƙara a kunne, yau likita, gobe mai magani, jibi kai kana tambaya ko uwarmu ta ci abinci. Tun da Amay ta rasu, babu wanda zai mutu don ban ɗauka ba. Direban motar da ta kawo ni ya yarda ya riƙa kai maka takarda, kai ma ka ba shi taka.

Masaukin da ka kama mini na kwana goma yana da tsafta, na gode. Matar gidan ta ba ni wani koren keke mai kwando a gaba. Rabona da keke tun ina koyarwa, kafin ƙafafun Amay su daina ɗaukarta. Na ɗaure zani tamau na hau, na yi ta layi a titi tun ban sha komai ba.

Damina ta kusa ɗaukewa. Da safe tafkin Inle da sama launinsu ɗaya, har ba ka gane inda ruwa ya ƙare, sai ka ga masunci tsaye a kwalekwale yana tuƙi da ƙafa kamar a iska yake tafiya. Na jingine keken na zauna ina kallo. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Yanzu ga abin kunyar, gara ka ji daga bakina. Jiya na hau tudun gonar inabin da ka ce lallai in je. Rabin hanyar tura keken na yi. A sama akwai rumfa mai kallon tafki, da wani dattijo ɗan ƙabilar Pa-O, rawani a kansa, sunansa Khun Htee. Ya jera mini kofuna biyar, kowanne da ɗan ruwan inabi a gindinsa, ya ajiye wata tukunyar ƙasa a gefena. Na ɗauka ta furanni ce. Niyyata in sansana kawai, tunda na ɗauki alkawari gaban sufayen gidan ibadarmu ba zan taɓa abin maye ba sai watannin ibada sun fita. Amma mutum ya zuba maka da hannunsa, ya tsaya yana kallonka, ka ture? Kara ta hana ni. Na shanye na farko. Wata Baturiya a teburin gefe ta kurɓa ta tofar cikin tukunyarta, a gaban mai gida, na ce a raina wannan ba ta samu tarbiyya ba. Don in wanke masa rai, sai na shanye sauran huɗun tas.

Na sauko daga rumfar ƙasa na yi mini laushi. Na ga wata bishiya a bakin layin inabi, na ce bari in ɗan zauna. Maung Lay, awa huɗu na yi ina barci da rana tsaka. Ba wanda ya kira sunana, ban tashi a firgice ina laluben kwalbar magani ba. Na farka na tarar an rufa mini mayafi, an kuma matsar da kekena inuwa. Na san na karya alkawari, zan je in sabunta shi. Amma ban yi da-na-sanin barcin ba.

Ka gaida kowa.

Yayarka,
Ohn Mya

*

Mandalay, Jumma'a

Zuwa ga yayata Ma Gyi, cikin girmamawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni a ofis, kuma na karanta ta sau biyu. Na yi farin ciki da kika samu hutu, domin dalilin tafiyar ke nan. Sai dai maganar kofuna biyar ban karanta wa yara ita ba. Ina roƙonki ki kula da mutuncinki, akwai mutanen unguwarmu da ke zuwa can yawon buɗe ido. Kuma shekarunki hamsin da shida, hawan tudu da keke ba naki ba ne.

Muna nan lafiya gwargwado. Daw Pu ba ta ɗan jin daɗin jikinta, amma ana kulawa.

Na yi tunani a kan zamanki ke kaɗai a gidan Amay, na ga bai dace ba. Saboda haka mun gyara miki ɗakin ƙasa a gidanmu, wanda ke jikin na Daw Pu. An yi fenti, an sa sabon gado. Za ki samu mutane kusa da ke.

Kamar yadda kika sani, watan Thadingyut zai cika ranar Alhamis ta sama. Bana ke ce babbarmu, tunda Amay ba ta nan. Ni da Wutyi da yara za mu durƙusa a gabanki mu nemi gafara kamar yadda aka saba, na riga na sayi zanin da za mu ba ki. Akwai kuma wata 'yar magana da nake so mu yi a ranar. Don haka kada ki wuce Laraba.

Wane ne wannan Khun Htee, kuma yana da iyali?

Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Tint Lwin

*

Nyaungshwe, Lahadi

Maung Lay,

Ina gaishe ka da gaisuwa mai kyau, kai da duk gidan. Takardarka ta zo, har da ƙamshin ofis. Khun Htee yana da jikoki bakwai da haƙora kusan haka, ka kwantar da hankalinka.

Na koma don in mayar masa da mayafinsa, na ba shi haƙuri. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ashe tukunyar nan ta tofi ce, kuma Baturiyar ita ce mai tarbiyya. Shi kansa shekara goma sha tara yana ɗanɗana abin da ke cikin gangunan gidan, kuma ya ce ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba, sufayen ƙauyensu sun sani. Ya koya mini: ka juya kofin, ka sa hanci, ka kurɓa, ka bar shi ya zaga baki, ka tofar. Na sansana wani ja na ce ina jin tsamiya da jiƙaƙƙen katako. Na sansana wani na ce wannan ya fara lalacewa. Ya dube ni, ya je ya duba gangar, ya tarar haka ne. Hancin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana gane zazzaɓi tun daga bakin ƙofa, ashe yana da wani amfanin.

Kullum yanzu da safe nake hawa tudun, kuma na daina tura keken sai a kwana ta ƙarshe. Lokacin yanke rassa ne. Mata suna bin layi da almakashi suna aske itatuwan har sai sun koma sanduna, wai nan ba a sanyin da zai sa inabi ya huta da kansa, sai an tilasta masa. Sun ba ni almakashi. Da rana mu zauna mu ci kwaɗon ganyen shayi da awara mai zafi, suna yi mini tsiya wai malamar birni tana yanka reshe kamar mai yanke wa jariri farce.

Da yamma nakan gangara ta bakin ruwa in bar keken ya tafi da kansa. Gonakin tumatir da ake shukawa bisa ciyawa mai yawo a ruwa suna lilo a kan tafki, hayaƙin girki yana tashi daga gidajen da ke tsaye kan ƙafafun katako a cikin ruwa, wani wuri can ana buga ƙararrawar ibada. Jiya na ji wata tana waƙa, na waiga ban ga kowa ba, sai na gane ni ce. Na yi kuka kaɗan a kan keken, na Amay ne ko nawa ne, ban sani ba. Ina jin daɗi, Maung Lay, har ina jin kunyar faɗa.

Yarinyar da ke tsayawa a rumfar ɗanɗano za ta yi aure ta koma Taunggyi. Khun Htee ya ce in ina so, ya yi magana da masu gonar in zauna har a tsinke inabi bayan wata biyar. Akwai ɗaki a bayan rumfar, tagarsa tana kallon ruwa. Ban ba shi amsa ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ba zan iya faɗa ido da ido ba. Ni na goya ka, na san yadda kake zagaye magana. Me ya samu Daw Pu? Me ya sa ɗakina yake jikin nata? Ina tsoron ranar Alhamis. Ka san in ka sa goshinka a ƙasa gabana, da matarka da 'ya'yanka a bayanka, bakina ba zai iya furta komai ba sai albarka. Duk abin da ka roƙa a wannan zaman, zan ce to. Ina jin ka san haka, shi ya sa ka zaɓi ranar.

Ka rubuto mini gaskiya kafin Laraba.

Yayarka,
Ohn Mya

*

Mandalay, Talata

Ma Gyi,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Wutyi ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, a kan buhun shinkafa nake yi a shago. Ƙanenki ya zauna da takardarki kwana biyu, ya fara amsa sau uku yana yagewa, sai na ɗauke biron.

Ga gaskiya. Mahaifiyata ta faɗi a banɗaki sati uku da suka wuce, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ba ta tashi, ba ta cin abinci da kanta, maganarta ni kaɗai nake ganewa. Da sati guda da faɗuwarta ya kama miki masaukin nan. Ya ce a bari ki huta tukuna, ki dawo da ƙarfinki, sannan ranar cikar wata ya roƙe ki. Ban hana shi ba. Ni ce ma na zaɓi launin fentin. Na gaji ne, Ma Gyi, ga shago ga yara, kuma ban iya juya ta ba tare da na sa ta kuka ba. Ke kin iya.

Amma da na karanta inda kika ce kina waƙa a kan keke, sai na ture kwanon abincina gefe. Shekara goma sha huɗu ina gidanku ban taɓa jin muryar waƙarki ba. Muna zuwa duba Amay ranar Lahadi da lemo a leda, mu zauna awa ɗaya, mu ce sannu da ƙoƙari, mu tafi.

To ni ba zan durƙusa in tambaye ki ba. A tsaye nake tambayarki, kamar yadda ake ciniki a kasuwa, inda mutum yake da ikon cewa albarka ya wuce. Za ki zo ki riƙe mini uwata? Ina so ki zo, ba zan ɓoye ba. In kin ce a'a zan ji zafi, wataƙila in yi sati ban gaishe ki ba, amma ba zan mutu ba, kuma ba zan riƙe ki a zuciya ba.

Direban zai jira amsarki, ko ke ko takarda.

Ƙanwarki,
Wutyi

*

Nyaungshwe, Laraba

Wutyi, Maung Lay,

Ina gaishe ku, ku gaida mini Daw Pu da kyau, ku riƙe mata hannun hagu in kuna faɗa mata.

Wutyi, na gode da kika tambaye ni a tsaye. A'a. Ba zan zo ba. Na rubuta wannan, kuma ban goge ba. Na gaya wa Khun Htee zan zauna.

Maung Lay, ba sai ka sa goshi a ƙasa ba bana. Duk abin da ka yi mini, da baki ko da zuciya, da wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, na yafe maka. Ka yi tsawon rai, kai da iyalinka.

A bayan takardar nan na rubuta yadda ake juya mara lafiya duk bayan awa biyu, da inda ake sa matashi don kada bayanta ya yi gyambo, da yadda ake ba ta kunu ba ta ƙware ba. Ba Wutyi na rubuta wa ba, kai na rubuta wa. Ka sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarta, ɗaya a ƙugu, ka gaya mata kafin ka ɗaga. Ranar farko za ta yi kuka, kai ma za ka yi. Hannunka ya fi nawa ƙarfi tun kana ɗan shekara goma sha biyar, ba a taɓa tambayarka ba ne kawai.

Ku zauna lafiya.

Yayarku,
Ohn Mya