Magana ta Biyar a Littafin Latifa

Goronyo, 4 ga Maris

Zuwa ga Bara'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da dukan mutanen Rara. Mu ma nan lafiya, sai zafi.

Kawu Abdulƙadir ya komo daga biko shi kaɗai. Wai kin ce ba ki dawowa sai na amsa abin da na faɗa miki ranar Juma'a. To mi na faɗa? Ni dai na san na ce na sha wahala kafin in kai inda nike, kuma kowa shaida ne. Da injin ban-ruwa guda na fara, yau albasata har Kudu take zuwa. Sauran duk ƙarin gishiri ne na ɓacin rai. Ki komo. Ɗiyarki Latifa na shirin jarrabawa.

Naki,
Sa'adu

Goronyo, 11 ga Maris

Zuwa ga Bara'atu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki. Allah ya ƙara sauƙi.

Malama Maureen, mai koya wa su Latifa Turanci, ta ba su aikin gida. Kowa ya rubuto magana biyar da ya ji da kunnensa, yadda mai ita ya faɗe ta, cikin alamomin nan na buɗe zance da rufewa. Latifa ta kawo mini in duba. Kin san ni da cika baki kan Turancina na aji biyar.

Huɗun farko na 'yan kasuwa ne. Ta biyar sunana ne a gabanta, ta juya ta da Turanci tsaf. Ga ta da Hausa: "Duk abin da ke gidanga ni kaɗai na tara shi, ke ko tsinke ba ki kawo ba."

Ashe tana bayan ƙofa ranar.

Na ɗauki biro ina neman kuskure, ko waƙafi guda, ban samu ba. Na nemi ta sassauta, ta rubuta cewa babanta ya ce ya sha wahala. Kanta a ƙasa ta gaya mini Malama ta hana taɓa abin da ke tsakanin alamomin. Haka malaminmu na Turanci, Malam Ephraim, ya koya mana ina ɗalibi a Wurno, har da bulala.

Bara'atu, na faɗa. Kuma ban manta ba, awakinki bakwai na gadon mahaifinki munka kai kasuwa munka sawo injin nan. Shekara goma sha tara ina ba mutane labarin injin, ban taɓa sa awakin a ciki ba.

Ban san yadda ake maida magana ciki ba. Na zauna in rubuta wata da za ta shafe waccan, kowace na rubuta sai in ga ba ta kai ta nauyi ba. Don haka ga littafin na ba Kawu ya kawo miki, na sa hannu a ƙarƙashin maganar. Ko za ki komo, ko ba za ki komo ba, yanzu ba a hannuna yake ba.

Malama ta ba Latifa biyar bisa biyar.

Mijinki,
Sa'adu