Wuri Casa'in da Bakwai a Akwatinki

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan makwancinki da haske da yalwa.

Na san ba a yi wa mamaci faɗa, balle uwa. Masu karanta wannan a shafina wasu za su ce Hindatu ta zare. Su ce. Wata uku ke nan da rasuwarki, wata biyu da na buɗe akwatinki, kuma tun daga ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

A ƙarƙashin zannuwanki na tarar da gwangwanin madara, an ɗaure bakinsa da tsumma. Na zaci 'yan kunne ne. Ashe wuri ne, Umma, irin na kuɗin da. Wurin Ate Lina.

Bari in tuna miki ita, tunda shekara ashirin da biyu kika hana a ambaci sunanta a ɗakinmu. 'Yar Filifin ɗin nan mai raino a gidan kafilinmu, Balaraben da ya tsaya mana, a unguwar Ruwais ta Jidda, inda kike girki. Ita ta ce in riƙa kiran ta Ate, wato yaya a harshensu. Ina shekara goma sha biyu, kullum ina biye da ke daga unguwarmu Mahjar don ba mai tsare ni a gida.

Ita ce ta koya mini wasannin ƙasarsu a saman bene, bayan la'asar, idan Madam, matar gidan, ta kwanta. Akwai na gwangwani da silifa: a kafa gwangwani, mutum ɗaya ya tsare, saura su jefe shi da takalmi, wanda aka kama yana ɗauko takalminsa shi ne sabon mai tsaro. Tumban fireso take kiran sa, ta ce fireso ɗin fursuna ne a bakin Sifaniyawan da suka mulke su. Akwai fiko, wanda ba shi da maraba da 'yar gala-galarmu. Akwai wanda ake zana layi da ruwa a ƙasa, wasu su tsare layin, wasu su yi ƙoƙarin tsallakewa. Wannan kam rana ta Jidda ba ta bar mu mun yi ba, kafin ka gama zana layi na biyu na farko ya bushe.

Amma sungka ne ya shiga raina. Katako ne dogo kamar ƙaramin kwalekwale, ramuka bakwai nan, bakwai can, da babban rami a kowane ƙarshe. Ƙananan su ne gidaje, babban shi ne kai. Kowane gida wuri bakwai, duka casa'in da takwas. Ka kwashi gida ɗaya kana zubawa ɗai-ɗai, ka jefa a kanka, ka tsallake kan abokin wasa. Na ƙarshe in ya faɗa gida mai wuri, ka kwashe ka ci gaba. In ya faɗa kanka, ka sake zaɓar gida. In ya faɗa kango a ɓangarenka, ka cinye na gidan da ke fuskantar sa. Idan an gama za a sake zubi, gidan da ka kasa cikawa da bakwai ya ƙone ke nan, a toshe shi da takarda har sai ka ciyo abin buɗe shi.

Ta ce katakon na kakarta ne, kuma tsofaffinsu ba sa son a buga shi cikin ɗaki, wai yana jawo gobara, shi ya sa muke hawa sama. Ta ce 'yan jirgin ruwa ne suka kai musu shi daga wajen Malesiya. Ke kuwa kina tsaye da shanya a hannu kika ce ƙarya ne, daga wajenmu ya je, don kakarki a Sudan ramuka take tonawa a ƙasa tana yin irinsa da ƙwallon dabino. Ate Lina ta ce to zauna ki nuna. Kika zauna, Umma! Kika ƙone mata gida uku kafin magariba, kina dariya har mayafinki na zamewa.

Wannan dariyar ce ta hana ni yi miki uzuri duk shekarun nan. Kin san wasa ne. Da hannunki kika yi shi.

Sai jaririn Madam ya kama zazzaɓi da kuka ba ji ba gani. Aka je asibiti aka dawo, aka kawo mai ruƙiya, ya ce a bincika gidan. Da safe kika tura ni ɗakin wanki kika ja ƙofa, kika ce ko motsi kada in yi. Ta ƙofar na ji Madam tana ihu, an zazzage jakar wurin Ate Lina a falo, tana ce miki ku Takari ai kun san wuri, faɗa mini na mene ne wannan. Na ji muryarki, a hankali, kamar kina faɗin kuɗin albasa: “Irinsu ake duba da su.”

Wallahi ba ki yi ƙarya ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Irinsu ake duba da su, gaskiya ne. Kika zaɓi gaskiyar da za ta kashe mutum kika bar wadda za ta cece shi. Kin fi ni sanin abin da kalmar sihiri take jawo wa 'yar aiki a garin nan.

Kafin azahar an tafi da Ate Lina. Ban ga fuskarta ba, ƙarar silifanta kawai na ji a matakala. Madam ta ce a ƙone katakon, kuma ke aka ba aikin. A saman benen nan kika zuba masa kananzir, daidai inda muke zama. Da na yi magana kika ce, “Halas, zance ya ƙare. Mu da iƙamarmu ta zaman ƙasa a hannun mutane ba mu da baki.” Shi ke nan bayanin da na samu, har kika koma ga Allah.

Na yi miki biyayya, ba za ki ce ban yi ba. Na yi jinyarki, na wanke ki, na ba ki abinci a baki. Amma ke da ni mun san akwai abin da na janye. Ban ƙara kwantar da kaina a cinyarki ba. In kin ba da labarin amana a gidan biki, sai in tashi in bar wurin. A zuciyata na sa miki suna matsoraciya, wadda ta sayar da ƙawarta don takardar zama. Kin gani a idona kuma ba ki taɓa cewa uffan ba.

Da na ga gwangwanin sai tsoro ya kama ni. Na ce matar nan ta tafi da haƙƙin mutum a wuyanta, kuma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. A asibitin da nake aikin karɓar marasa lafiya akwai nas-nas 'yan Filifin, ɗayarsu ta yi ta cigiya a wayarta sati biyar har aka samo Ate Lina can ƙasarsu. Tana raye, Umma. Ta tsufa, kanta fari fat, tana sayar da kayan miya a ƙofar gidanta.

Ranar Juma'a muka yi magana ta bidiyo, da guntun Larabcin da ya rage mata. Ta ce ta yi kwanaki a tsare tana rantsuwa wasa ne, ba mai sauraron ta, daga baya aka sa ta a jirgi da kayan jikinta. Na ce na zo neman gafara ne a madadinki. Na nuna mata gwangwanin. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, sai ta ce in ƙirga. Na ƙirga sau biyu a gabanta, casa'in da bakwai.

Ta ce ɗayan ai yana hannun Madam, shi aka fara tsinta, a gadon jaririn, ƙarƙashin matashinsa. Daga nan aka shiga ɗakinta. Ni ban taɓa jin wannan ba, ina ɗakin wanki.

Umma, tun kafin ta ƙarasa na gane. Ni ce nake satar wuri. In na ga za a ci ni, sai in ɓoye ɗaya a ƙullin ɗankwalina don gidanta ya kasa cika ya ƙone. Kuma ni ce nake sunkuyawa a gadon yaron ina yi masa wasa in Ate Lina ta shiga wanka. Ta ce ta sani, tun ran farko take ganin satata tana ƙyale ni. Ta ce ke ma kin sani. Da kin ce wasa ne, tambaya ta gaba ita ce su wa ke yi, kuma wa ya kai shi gadon yaro. 'Yar Takari da wuri a kan jaririn kafili, wa zai saurari sauran bayanin? Ta ce kun haɗa ido a falon, ta gane abin da za ki yi, ita ma ta ja bakinta ba ta kira sunana ba, har a inda aka tsare ta.

To yanzu ki faɗa mini, da wa zan yi fushi? Da Madam, wadda ba ta iya bambance abin wasan yara da kayan boka ba, kuma ba ta ga wanda za ta tambaya ba sai baƙar fatar gidan? Ina yi, har gobe. Da kaina? Wannan kada ki tambaya. Amma ke, Umma, ke! Shekara ashirin da biyu kika bar ni ina yi miki kallon banza a kan laifin da yake nawa. Kalma ɗaya ta gagare ki? Na girma, na yi aure, na haihu, na isa ɗaukar kayana. Kika ƙwace mini damar in ba ki haƙuri kina da rai. Kika bar ni na yi jinyarki da hannu mai sanyi. Wannan ban san ranar da zan huce ba.

Kuma kada ki ɗauka na wanke ki tas. An zalunci baiwar Allah, da bakinki aka yi, ko don wa kika yi.

Ga amsar da ta bayar, tunda don ita na neme ta. Ta ce tsarewar da korar ta yafe miki, ita ma uwa ce, ba ta san me za ta yi ba da 'yarta ce a ɗakin wankin. Katakon kakarta kuwa ta ce har yau in ta tuna sai ta ji zafi, kada in matsa mata. Ban matsa ba. Ta ce in aika mata wurinta, jikokinta da duwatsu suke yi. Na ce ɗaya babu. Ta ce, “Wanda ya ɗauka shi zai cika.”

Jiya na shiga kasuwar Balad, na sami wata tsohuwa mai sayar da turare da tarkace, na sayi wuri guda ɗaya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce me zan yi da shi. Na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce wasa ne, wasan yara ne na Filifin. Ban san ina kuka ba sai da ta miƙo mini tishu.

Allah Ya gafarta miki, Ummana. Ya sanyaya zuciyar Ate Lina a kan abin da ya rage, Ya saka mata da alherin shirun da ta yi. Abin da ya saura na haƙƙin nan, ya Allah, Ka ɗauke shi daga wuyan uwata, a ƙullin ɗankwalina aka ɗauko shi. Yau da a ce kina nan, da na gama faɗan nan na kwantar da kaina a cinyarki.

'Yarki mai fushi, mai kewarki,
Hindatu
Mahjar, Jidda