Zoben Haske da Fentin Mota

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar, ta sake ki? Yaya Kawu da tarinsa? Ni lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Mama, kada ki zo bikin buɗe zanen cocinmu. Na san kin ɗinka sabon kaya, ki ajiye su.

Kin tuna na ce miki an kawo wata mai zane za ta zana Jibin Ubangiji a bangon bayan bagade? Da fuskokin 'yan coci ta zana almajiran goma sha biyu. Ni ma ta zaunar da ni kan benci awa biyu, wai kada in yi murmushi. Na ce dama ban zo da shi ba.

Jiya na leƙa bayan labulen da ta rufe aikin. Ga tela da zoben haske a kansa. Ga mai kemis, wanda ke sayar mana da maganin da ya kwana biyu, shi ma da zobensa. Ga ni can gefe, na haɗe rai, wuƙa a hannu, kaina fayau ba komai.

Ni ba a raina mini wayo. Ban yi makaranta ba, amma da allunan shaguna na koya wa kaina karatu, kuma ina da littafin hotuna da na tsinta wurin mai tsofaffin littattafai. Rabinsa gara ta cinye, amma shafin da ya rage ya faɗa ɓaro-ɓaro: wanda ba shi da zobe shi ne Yahuza. Ni! Da mai kemis zaune a teburin! Kullum kina cewa zafin raina zai ja miki kunya. Ba zan bari ki shigo ki tarar da ɗanki ya sayar da Yesu a bango ba.

Naki,
Barkono

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Ki fito da kayan nan ki goge, ki zo.

Na gyara komai. Ran Talata da rana, da maigadin coci ya tafi cin abinci, na ɗauko ragowar fentin ruwan gwal da muka fesa wa wata mota a gareji, na hau tsani. Murfin bokiti na kifa na zagaye, don kada zoben ya karkace. Ya fito kuwa! Daga bakin ƙofa za ki hango ni. Wannan matar da ke cewa zane addu'a ne, ta zo ta ga addu'ar da aka yi da injin feshi.

Ki gaida Kawu.

Ɗanki,
Barkono

Mamata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ashe fentin gwal ɗin mai zanen ne ya ƙare. Daga dama ta faro zobban, ta tsaya a kan mutum na bakwai, tana jiran a kawo wani. Ban ƙirga ba, Mama. Kaina kawai na duba. Mai wuƙar nan kuwa Bitrus ne, wanda ya sare wa wani kunne. Ta ce tun ranar da ta ji ni ina faɗa da direba a kan madubin mota ta san ta sami Bitrus ɗinta. Yahuza yana can bakin ƙofa ya ba da baya, ƙeyarta ita mai zanen ce ta zana masa.

Yanzu zobena ya ninka na Ubangiji sau biyu. In rana ta shigo ta taga, masu zama a layin gaba sai sun kare ido. Dattijon coci ya ce a kore ni daga ƙungiyar matasa. Mai zanen kuwa dariya ta yi har ta zauna a ƙasa, fenti ya ɓata mata zanen jikinta. Da zagina ta yi da na san abin da zan ce.

Ta hana a shafe. Wai ranar buɗewa, in an yaye labule, ni zan hau tsani gaban jama'a in kankare zoben da hannuna, mata suna waƙa, kuma wannan ma yana cikin aikin. Na ce ba zan yi ba. Sau uku na faɗa, tana ƙirgawa da yatsu, tana kallona.

Na koma gida na sake karanta labarin Bitrus a hankali. Mutum mai saurin baki, ya yi alkawari da baki, ya yi musun sanin Yesu sau uku, zakara ya tona masa asiri. Duk da haka ba a tashe shi daga teburin ba. Idona ya yi ruwa, amma warin fenti ne, kada ki gaya wa Kawu wani abu daban.

Zan hau tsanin. Ki zo, ki zauna a layin gaba. Kunya dai za ki sha, amma ba wadda na ji miki tsoro ba.

Abu ɗaya: tana so zakara ya yi cara daidai lokacin da na fara kankarewa, na Fasto kuwa sai da asuba yake aiki. Ki taho da jan zakaranki, mara mutuncin nan da ke cara ko da tsakar rana. Kin sha cewa halinmu ɗaya.

Ubangiji ya kawo ku lafiya, ke da shi.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Barkono