Tambaya Ta Tamanin Da Takwas

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, musamman ƙaramar da kika ce haƙora na damunta. Yaya ƙafar Umma, ta saki? Ni jikina ƙalau, raina ne a ɓace, shi ya sa na ɗauki biro na bar waya. In na kira ki dariya za ki yi tun ban kai ƙarshe ba, abin kuwa ba na dariya ba ne.

Kin tuna na ce miki maigidana Malam ya canza? Wata biyu ke nan, da ya dawo daga makaranta sai ya zauna a teburin bakin taga da wani littafi mai shuɗin bango. Ya ɗago ya dube ni ina shara ko ina guga, ya yi ɗan murmushi, ya sunkuya ya rubuta. Na matso, ya rufe. Yaya, ke me za ki zata? Ni da na karanta littattafan soyayya sun fi ɗari biyu, na ce na gane. Miskilin nan nawa, malamin fiziks da bai taɓa ce mini ko "kin yi kyau" ba, ashe a ciki yake tara maganar, waƙa yake rubuta mini. Har na koma sa kwalli da rana tsaka, ina zama inda haske zai sauka a gefen fuskata. Ranar da ya ce in hau sikelin kantin magani ya ga nauyina, na ce ɗinki zai yi mini. Ban tsaya na tambayi kaina wane tela ne ke ɗinki da kilo ba.

Ranar Talata ya manta wata ambulan a gida, ya kira ni in kai masa shagon buga takardu da ke gaban tashar bas. Ban same shi ba, sai matar da ke yi masa bugun. Ta zare tabarau, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ikon Allah. Ke ce kilo sittin da takwas?"

Ashe littafi yake haɗawa, na tambayoyin gwaji ga masu shirin jarrabawar shiga jami'a. Tambaya ɗari da ashirin a kan lissafin gudu da dokokin motsi. Matar ta ƙirga, ina cikin goma sha bakwai.

Bari in kwafo miki, ki ga irin waƙar da aka yi wa ƙanwarki. "Wata mata mai nauyin kilo sittin da takwas tana bin bas da gudun mita uku a daƙiƙa. Bas ɗin na gabanta da mita goma, ya tashi yana ƙara gudu. A nuna cewa ba za ta kamo shi ba." A nuna, Yaya, ko shakka bai bari ba. Ga wata: mata ta jefi ƙadangare da takalmi, a lissafa da tazarar da ta kuskure shi. Ga wata: mata na tura kabad da iyakar ƙarfinta bai gusa ba, a faɗi dalili. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta matar da ke tsaye a cikin bas tana karanta littafin soyayya, direba ya taka birki, ta faɗa kan wani tsoho mai kwandon ƙwai, a bayyana da dokar motsi ta farko. Ni na ba shi wannan labarin da bakina, ina kuka, yana shafa mini man zafi a gwiwa. Ashe yana shafawa yana haddacewa.

Kuma ya riga ya gwada wasu a aji. Sai yanzu na gane abin da ya sa wasu 'yan mata biyu masu yunifom suka ce mini a tasha, "Anti, ki daina wahala, an riga an nuna ba za ki kamo shi ba." Na ɗauka rashin tarbiyya ne kawai.

Na karɓo takardun na zo da su gida, ban gama karantawa ba. Litinin ta sama za a kai su injin buga littattafai. Yau zai san wadda ya aura. Ki gaida yara, ki ce wa Umma ina nan zuwa duba ta.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya kamar ta farko. Na ga amsarki, na kuma ga inda biro ya karkace don dariya. Ba komai. Ki karanta wannan, in kin iya ki yi.

Na tare shi a ranar. Kin san yadda yake, ko gira bai ɗaga ba. Wai bai ambaci sunana ba. Wai a fiziks ba mutum ake kallo ba, jiki ne mai nauyi, da ni da buhun siminti duk ɗaya ne a lissafi. Ya faɗi haka yana zaton lallashi yake yi. Wai yara sun gaji da ƙwallo da akwati a kan gangara, amma da an ce mata da takalmi sai ajin ya farka. Na ce to ya sa innarsa mana, ita ma ai tana da nauyi. Ya ce bai san nata ba.

Da a nan ya tsaya, Yaya, da na yi fushin kwana biyu na huce. Har na fara tunanin wataƙila shi irin tasa soyayyar ke nan, tun da dai ni yake kallo ba wata ba. Sai jiya da hantsi, bayan na gama wanki, na zauna na ci gaba da karatu, na kai tambaya ta tamanin da takwas.

"Wata mata ta zame daga saman matakala mai jiƙe, mai tsawon mita huɗu da rabi. A ɗauki matakalar a matsayin gangara. A lissafa lokacin da za ta ɗauka kafin ta kai ƙasa, da gudun da za ta bugi ƙasa da shi."

Ba sai na gaya miki wace matakala ba. Ke kika kwana da ni uku a asibiti bara, ke kika ninke kayan jariran da na yi gaggawar saye kika ɓoye mini su. Cikin wata biyar, Yaya. Tun daga ranar da aka sallame ni har yau, mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya yi mini maganar ba. Ya kawo magani, ya dafa ruwan zafi, ya hana ni ɗaukar bokiti, shi ke nan. Na yi ta ba shi uzuri, na ce maza haka suke, ba kowa ne irin na littafi ba da zai durƙusa a bakin gado yana hawaye. Ashe shi abin da ya gani a ranar tambaya ce mai maki shida.

Abin da ya hana ni cin abinci tun jiya shi ne, watan da ya wuce ya fito da tef ɗin awo ya ce zai auna matakalar. Na zata kafinta zai kira ya sa mana katakon riƙewa a gefenta. Ni na riƙe masa bakin tef ɗin daga sama. Da hannuna.

Ban yi masa ihu ba. Na ajiye takardar a kan abincinsa, na ce sauran goma sha shidan ya buga, duniya ta yi ta dariya, amma ranar da wannan ta shiga inji, ranar zan bar masa gidan. Ya dubi takardar ya daɗe, ya ce, "Ina buƙatarta a ciki." Ya ɗauki makullin babur ya fita. Ko haƙuri bai ce ba.

Don haka ki share mini ɗakin yara. Litinin da safe zan biya shagon in gani da idona, in tana nan, daga can sai tasha. Kada ki gaya wa Umma tukuna, hawan jininta ya ishe ta. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya jikin ƙaramar? Na san jiya kin yi ta leƙen hanya. Ki yafe mini, ga abin da ya faru.

Na je shagon da jakata a hannu. Tambayar na nan, ba a taɓa ta ba. Na ce wa matar ta buga mini ita ni kaɗai a takarda, ina so in tafi da shaida, don kada gobe a ce na yi yaji a kan banza. Tana nemowa tana mita. Wai mijina ya gajiyar da ita da wannan tambayar, sau huɗu yana dawowa ya canza lamba ɗaya a kashi na biyu. Na ce wane kashi na biyu? Ta ce na bayan shafi. Ni ranar da na karanta na farkon, jifa na yi da takardun, ban juya ba.

Ga shi yadda yake: "Wani mutum yana tsaye a tsakar gida, mita bakwai daga gindin matakalar. Ya taso da iyakar ƙarfinsa a daidai lokacin da ta zame. Shin zai iso kafin ta kai ƙasa?"

A bakin famfo Malam yake ranar da na faɗi, Yaya, yana wanke babur. Na manta ma yana wurin. Matar ta ce da farko bakwai ya rubuta, ya dawo ya ce ta mai da shi shida, ya dawo ya ce biyar, ya dawo ya ƙara wa mutumin gudu. Ta buɗe mini shafin amsoshi na ƙarshen littafi. Faɗuwar daƙiƙa ɗaya da rabi ce. Mutumin mita uku da ɗoriya kawai zai ci. Duk yadda ya juya lambar, amsar ba ta canza ba: ba zai iso ba. Daga baya ya ce ta mayar da bakwai ɗin.

Kada ki zata na narke. A littafi nan ne jaruma za ta saki jaka ta ruga gida. Ni wani sabon fushi ne ya taso mini, har matar ta miƙo mini ruwa. Na koma gida na zauna a kan matakalar da jakata, na jira shi har ya taso daga makaranta.

Na ce masa na ga bayan shafin. Ya tsaya riƙe da hular kwano kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ya ce ya yi lissafin ya fi sau hamsin, amma ba ya yarda da hannunsa, don mai son amsa ta fito masa yadda yake so ba a ba shi maki. Yana so yaran da ba su san shi ba, ba su san ni ba, su zauna a ɗakunansu su lissafa, kowa ya samu abu ɗaya. Wataƙila sannan ya yarda.

Na ce, "Shekara guda ina kwana ina tashi a gabanka. Ka tambayi tef, ka tambayi takarda, yanzu za ka tambayi 'ya'yan mutane dubu, ni da na faɗo ba ka tambaye ni ba?" Na gaya masa duk watannin nan na ɗauka shirunsa tuhuma ce, yana ganin laifina da na sauko da bokiti. Na yi ta haɗiye abin ni kaɗai a gidan da muke mu biyu. Na ce ko a gindin matakalar yake tsaye, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, kuma ban taɓa ɗora masa ba ko a mafarki. Amma ɗana ba tambayar gwaji ba ne, ba wanda zai yi masa jan biro.

Ya tada babur ya fita, na ce shi ke nan, halin ya motsa. Bayan rabin awa ya dawo da shafin a hannu, an cire. An riga an buga bangon da ɗari da ashirin, ya ce a bar shi haka, duk wanda ya ƙirga ya ga ɗaya babu, ya zo ya tambaye shi.

Ya zauna a matakala ta ƙasa da tawa, ya ba ni baya. Can ya ce, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, "Yaron ya fara motsi kuwa kafin ki faɗi?" Ashe bai sani ba. Satin da abin ya fara yana can wurin makin jarrabawa, ni kuma na ɓoye ina jiran ranar da ta dace in ba shi mamaki, kamar yadda ake yi a littattafaina. Ranar ba ta zo ba. Wannan kam laifina ne, na kuma faɗa masa. Na kamo hannunsa na nuna masa wurin, nan gefen hagu, inda a lokacin yake yawan shuri in na sha ruwan sanyi. Ya yi kuka, Yaya. Ba kyan gani ko kaɗan, hanci na zuba, kafaɗa na rawa, matar maƙwabcinmu na leƙe ta taga. Muka zauna a wurin har inuwa ta rufe tsakar gidan.

Har yanzu ina fushi da shi, kuma na gaya masa zai ɗauki lokaci. Amma ki mayar wa yara ɗakinsu, ba zan zo ba. Ki gaida Umma da kyau, ki ce mata mu biyu za mu zo duba ƙafar.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta