Keken Malam a Bidiyo

Salamu alaikum Nazeer, ya karatu, ya jama'ar hostel? Ummanka ce. Yayarka Lami ta nuna min bidiyonku a wayarta, ku wajen ɗari kan kekuna kuna ta kaɗa ƙararrawa. Kai Auta! Ka naɗe fuska da rawani wai kar a gane ka, amma keken marigayi babanku ka hau. Ka manta abin da ke rubuce a bayansa da jan fenti? Sunansa, gyaran agogo, Koki. Jiya wasu mutum biyu daga hukuma sun je gun mai unguwa suna tambayar gidan. Wata biyu fa ya rage ka gama jami'a. In suka kore ka ina zan sa kaina? Don Allah ka dawo da keken nan. Allah ya tsare.

Assalamu alaikum Umma, ina gaisuwa. Ki yafe min. Zaituna 'yar ajinmu ce tifa ta take a bakin ƙofar makaranta ta rasu, ita ce ta uku bana. Gadar tsallakawa kawai muke nema. Ba ma zagi, ba ma jifa. Ranar Asabar za mu yi hawan ƙarshe har Ƙofar Nassarawa, kuma ni na tara mutanen, ba zan iya zamewa ba. Zan kankare rubutun yau. Ɗanki, Nazeer.

Salamu alaikum. Ka kankare me? Wallahi kar ka soma. Malam da hannunsa ya rubuta, yana ciwon ido ma. Shekara talatin yana yawo da sunansa a garin nan bai taɓa ɓoye shi ba. Mutanen nan biyu sun dawo ɗazu, har zaure. Ban iya ƙarya ba, na ce keken na ɗana ne. To ka ji ni da kyau. In tsoro kake ka kawo min keken gida. In kuma hawan za ka yi, cire rawanin nan, kar ka bar babanku shi kaɗai a fili. Yarinyar 'yar wace unguwa ce? Zan je wa uwarta gaisuwa. Allah ya yi maka albarka.

Umma, ina kwana. Mun kusa Ƙofar Nassarawa. Motocin 'yan sanda biyu sun tare hanya, ba mu tsaya ba. Fuskata a buɗe take. Ki sa mu a addu'a.

Ina kan sallaya Auta. Wayar na cinyata. Ka kira ni.