Rasuwar Baba Mai Taya da Ragowar Hanyar Fadama

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Shugaba da Kwamitin Amintattu da ɗaukacin mambobin Ƙungiyar Masu Gina Hanyoyin Karkara suka samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya kuma tsohon Shugabanta, Babban Injiniya, dattijon arziki, Alhajin da kowa ya fi sani da Baba Mai Taya, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Talata bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da ɗaya a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba za mu ɓoye wa jama'a ba, mu abokan aikinsa ne muka laƙaba masa wannan suna, kuma da tsokana muka yi. Shekaru ashirin da suka wuce, lokacin da duk hanyar da aka shimfiɗa a kan fadama take nutsewa kafin ta ga damina biyu, marigayin ya tsaya a gaban manyan injiniyoyi ya ce nauyin ƙasar da muke zubawa ne ke cutar fadamar, a daddatsa tsofaffin tayoyi ƙanana kamar tafin hannu a yi ciko da su, domin ba su kai rabin nauyin ƙasa ba, ruwa kuma yana ratsa su ya wuce. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuma sai ya shiga bin rumfunan masu faci ɗaya bayan ɗaya da babbar rigarsa, yana kuma kwashe tayoyin da suka zama gidan sauro a bayan gidajen mutane. Hanyoyi tara ya gina a haka, kuma har yau ba wadda ta lotsa.

Abin da ya fi girmama shi a idonmu shi ne kuskurensa. A aikinsa na farko ya jibga cikon ya yi kauri fiye da kima, babu ƙasa a tsakani, sai zafi ya taru a ciki, bayan wata biyar hayaƙi ya fara fitowa daga gefen hanya. Da wani ne, da ya ɗora wa leburori laifin. Shi kuwa da ƙafarsa ya zo taron ƙungiya ya ce laifinsa ne, ya sa aka tone aikin duka yana tsaye a rana. Tun daga ranar ya yanko wata doguwar gora ya sa mata alama, ya ce cikon taya ba zai ƙara wuce wannan alama ba sai an rufe shi da ƙasa. Duk injiniyan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya sha faɗa saboda gorar nan, har mai wannan sanarwa, kuma yau muna kewar faɗan ƙwarai.

Marigayin ya bar hanya ta goma ba a gama ba. Saura mita ɗari huɗu a tsakiyar fadamar da ke raba ƙauyuka uku da asibiti, inda kowace damina ake ɗauko mai naƙuda a kafaɗa ana ratsa laka da ita. Tayoyi sun ƙare, kuma bai fi mako shida ya rage ruwa ya sauka ba. Hajiya, mai ɗakinsa, ta shaida mana cewa a gadon asibiti wannan ce maganar da ya yi ta maimaitawa, har ya ce mata: "Hajiya, duk wanda zai zo gaishe ku, ki ce kada ya zo hannu rabbana. Ya taho da tsohuwar taya ko guda ɗaya ce."

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya, da 'ya'yansa shida, da jikokinsa, da 'yan'uwanmu masu faci da direbobin tifa waɗanda suka rasa uba, tana roƙon Allah Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya kuma ba iyalansa da mu baki ɗaya haƙurin jure wannan babban rashi.

Bisa wasiyyarsa, tifar ƙungiya za ta tsaya a ƙofar gidansa har a tashi daga zaman makoki, domin karɓar tayoyin masu ta'aziyya. Jiya Hajiya ta damƙa mana gorar da hannunta. Ranar Litinin da safe, in Allah Ya kai mu, za mu koma fadama da gorar.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya kuma Sakataren Yaɗa Labarai,
wanda marigayin ke kira Sarkin Surutu,
a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu.